TAURARO MA SHINA MUTUWA: LABARIN BAƘON DA YA FITO A SHEKARAR 1054



Babu wanda ya kai ku sanin sama. Manomi shina duban Kaza da ƴaƴanta don shi san inda shekara ta kai. Makiyayi mai kwana daji da bisashe shina gane tsakar dare ga taurari, ba shi bukatar agogo. Taurarin da muke gani yau su ne kakanninmu sunka gani. Don haka sai mutum shi ɗauka ba su tsufa, ba su mutuwa. To, ba haka ba ne. Tauraro ma halitta ce. Shina da farko, shina da ƙarshe. Kuma idan babba ya mutu shina barin gado.

Kada mu haɗa wanga zance da abin nan da muke gani da dare ya tsinke ya ja wuta, mu ce tauraro ya faɗi. Wancan ɗan tsakuwa ne da ya shigo cikin iskar duniya da gudu, ya ƙone. Mutuwar tauraro na gaskiya wani abu ne daban, kuma ba a cika ganinta ba.

BAƘON DA YA ZO CIKIN DAMINA

A ƙasar Sin, wato ƙasar Shinuwa, sarakunan da suna da ma'aikata masu duban sama. Aikinsu ke nan kowane dare. Abin da sunka gani duka sai su rubuta, da ranar da wurin.

Ran 4 ga watan bakwai na shekarar 1054, wato shekara ta 446 bayan Hijira, sunka ga wani sabon tauraro ga gabas kafin gari shi waye. Ya fito a wurin da babu komi da. Ya fi gamzaki haske. Sunka sa mishi suna «baƙon tauraro». Kwana 23 ana ganin shi har da rana tsaka. Daga nan ya yi ta dushewa. Da dare an ci gaba da ganin shi kusan shekara biyu, sannan ya ɓace cikin watan huɗu na 1056.

Ba su kaɗai sunka rubuta ba. An sami labarin cikin wani tsohon littafi na ƙasar Japan. Akwai kuma wani likita mutumin Bagadaza, sunanshi Ibn Buɗlan. Shi ma ya ba da labarin wani tauraro mai ban mamaki da ya fito a shekara ta 446. Wani malami, Ibn Abi Usaibi'a, ya kwafe maganarshi cikin littafinshi na tarihin likitoci, shi ya sa ta iso gare mu.

Wurin da baƙon ya fito ba shi da nisa da Kaza. Ke nan ya haska saman ƙasarmu kamar yadda ya haska saman Sin, daidai lokacin noman farko. Amma labarin waɗanda sunka rubuta shi ne ya kai yau.

MI NE NE TAURARO?

Kowane tauraro rana ne. Nisa ne ya sa muke ganin shi ƙanƙane. Ranarmu ma tauraro ce, ita ce mafi kusa da mu. Girmanta ya kai a zuba duniya fiye da miliyan guda cikinta.

Don mu gane nisan, mu auna da gudun haske. Haske shina cin kilometir 300.000 cikin daƙiƙa guda. Daga rana zuwa nan minti 8 shike yi. Daga wurin da baƙon ya fito kuwa, sai da haskenshi ya yi tafiyar shekara wajen 6.500. Wato lokacin da Shinuwa sunka gan shi, ya daɗe da mutuwa. Ya mutu tun ɗan Adam bai fara rubutu ba. Labarin ne ya makara a hanya.

Tauraro ba itace shike ci ba, ba kuma gawayi ba. Jikinshi wata iska ce marar nauyi wadda masana ke kira haidurojin. Can tsakiyarshi zafi da matsi suna haɗe ƙwayoyin wagga iska su koma wani abu mai ɗan nauyi. Wurin haɗewar ne zafi da haske ke fita.

Ku tuna da ƴan kokowa biyu da sunka sarƙe, babu mai kada wani. Haka tauraro shike zaune. Nauyin jikinshi shina danne shi ciki. Zafin tsakiyarshi shina tura shi waje. Muddin akwai abin ƙonawa, kokowar ba ta ƙarewa. Ran da abin ƙonawa ya ƙare, nauyi ne ke yin kaye.

YADDA BABBAN TAURARO KE MUTUWA

Ba kowane tauraro ke fashewa ba. Sai wanda ya kai nauyin rana sau 8 ko fiye. Irin wanga tauraro mai ci ne ƙwarai. Ranarmu tana cin nata sannu sannu, za ta kai shekara miliyar 10. Shi kuwa babban, cikin shekara miliyan ƴan gomomi ya cinye rumbunshi.

In haidurojin ya ƙare ga tsakiya, sai shi koma ƙona tokar da ta rage. In ita ma ta ƙare, shi ƙona tokar tokar. Kowane zagaye shina ƙera abu mafi nauyi, kuma shina ƙarewa da sauri fiye da na baya. Ta haka ake samun sinadarin gawayi, da iskar da muke shaƙa, da sinadarin yashi. Zagaye na ƙarshe kwanaki kaɗan ne. Shi ke ba da ƙarfe.

Nan magana ta ƙare, don ƙarfe ba shi ba da zafi in an haɗe shi. Tsakiyar tauraron ta zama dunƙulen ƙarfe mai girma kamar duniyarmu. Babu sauran mai tura waje. Cikin ƙasa da daƙiƙa guda dunƙulen ke rubzawa, shi matse, shi koma ɗan ƙwallo. Sauran jikin tauraron shi faɗo bisa ƙwallon, sannan shi watse waje da ƙarfin da ba shi misaltuwa. Makwanni da yawa haskenshi shina fin na rana miliyan ɗari a haɗe. Wagga fashewa ita masana ke kira sufanoba. Ita ce Shinuwa sunka gani a 1054.

Abu biyu ke ragewa: hayaƙi a waje, da ƙwallo a tsakiya.

HAYAƘIN DA YA RAGE

Bayan baƙon ya ɓace, an yi kusan shekara 700 ba a sake jin labarinshi ba. A 1731 wani likita ɗan Ingila, Jon Bebis, ya ɗora madubin hangen nesa ga wanga wuri. Ya ga wani ɗan tabo kamar hayaƙi. A 1758 wani Bafaranshe, Sharl Mesiye, ya sake ganin shi, ya sa shi lamba ta ɗaya cikin jerin da ya rubuta. Bayan 1840 wani attajiri a ƙasar Ailan, Lod Ros, ya zana shi. Zanen ya yi kama da ƙaguwa mai ƙafafu. Tun daga nan ake kiran shi Gajimaren Ƙaguwa.

Amma ba ƙaguwa ba ne, ba kuma gajimaren ruwa ba. Jikin tauraron ne da ya watse. Yaya anka gane? A 1921 masana a Amurka sunka gwada hotonshi na da da na sabo. Sunka ga ya ƙara faɗi. Sai anka yi lissafi irin na mai bin sawu. In ka san saurin tafiyar raƙumi, ka san inda ya kai, ka iya faɗin lokacin da ya bar gida. Lissafin ya nuna hayaƙin ya tashi daga wuri guda shekara wajen 900 kafin nan. A 1928 wani masani, Edwin Habul, ya ce wanga shi ne baƙon da Shinuwa sunka rubuta. Lokaci ya yi daidai, wuri ya yi daidai. Binciken da ya biyo baya ya gaskata shi.

Har yanzu hayaƙin bai bar gudu ba. Shina cin kilometir wajen 1.500 cikin daƙiƙa guda. Kamar daga Yamai zuwa N'Gigmi ke nan, kafin ka ƙifta ido sau biyu. Faɗinshi yau ya kai tafiyar haske ta shekara 11. Nan da dubban shekaru za shi baje, shi gauraye da sauran ƙurar sama.

Ba shi kaɗai ba ne. Cikin garken taurarin da ranarmu ke ciki, an san irin wanga hayaƙi wajen 300. Ɗaya ya rage daga tauraron da ya fito a 1006, wanda wani likitan Misira, Ali ibn Ridwan, ya gani ya rubuta. Wasu na 1572 da 1604 ne.

ƘWALLON DA YA RAGE

Yanzu mu zo ga ƙwallon tsakiya. Shi ne ya fi ban mamaki.

Kome da muke taɓawa, dutse ko ruwa ko nama, an yi shi da ƴan ƙwayoyi da ido ba shi gani. Sunansu atom. Kowane atom yawancinshi fili ne. Nauyinshi duka shina can tsakiya, kamar ƙwayar gero guda a tsakiyar babbar gona. Sa'ad da tsakiyar tauraro ta rubza, matsin shina kawar da wanga fili duka. Kun san yadda ake danne auduga ta koma ƙaramin dami mai nauyi. To, nan dannewar ta kai iyaka. Abin da ya rage shi ne wasu ƙwayoyi da ake kira nutiron, a cushe jiki da jiki. Shi ya sa ake kiran ƙwallon tauraron nutiron.

Faɗinshi kilometir wajen 20 ne kawai, kamar daga Damagaram zuwa Mirya da ɗan ƙari. Mai jaki shina iya cin wagga tafiya da hantsi. Amma nauyinshi ya fi na rana duka, ya kusa rana guda da rabi. Da za a ɗebo daga jikinshi daidai ƙwayar gero guda, za ta fi tan miliyan guda. Wato ta fi raƙumi miliyan biyu nauyi.

In tauraron da ya mutu ya cika girma, ko nutiron ba su iya tare nauyin. Sai tsakiyar ta ci gaba da rubzawa ta zama abin da ake kira baƙin rami. Ko haske ba shi fita daga cikinshi.

An gano nutiron a Ingila a 1932. A 1934 masana biyu a Amurka, Walta Bade da Firits Zwiki, sunka ce lalle fashewar tauraro tana barin ƙwallon nutiron. Amma babu wanda ya gan shi. Maganar ta zamna ga takarda fiye da shekara 30.

ƊALIBAR DA TA JI BUGUN

Taurari ba haske kaɗai suke aikowa ba. Wasu suna aiko da irin igiyar da akwatin radiyo ke kamawa. A jami'ar Kembirij ta Ingila anka kafa wayoyi da sanduna bisa fili mai kusan hekta 2 don sauraren sama. Wata ɗaliba mai shekara 24, Joslin Bel, tana cikin waɗanda sunka kafa su da hannunsu. Na'urar tana zana abin da ta ji bisa doguwar takarda, wajen metir 30 kowace rana. Ita ke bin takardar da ido.

A 1967 ta lura da wani ɗan zane da bai yi kama da sauran ba. Ƙanƙane ne, wani da ya wuce shi. Ita ba ta wuce ba. Ta koma ga tsofaffin takardu, ta ga shina dawowa daga wuri guda na sama. Ran 28 ga watan goma sha ɗaya ta ji shi sosai: bugu ne, kamar na ganga, kowace daƙiƙa guda da sulusi. Ba shi sauri, ba shi jinkiri.

A 1968 anka ji irin wanga bugu daga cikin Gajimaren Ƙaguwa. Shi kuwa sau 30 shike bugawa cikin daƙiƙa guda. Nan gardama ta ƙare. Babban tauraro ba shi iya juyawa haka, sai shi tarwatse. Sai ƙaramin abu mai tsananin nauyi. Ga hayaƙi, ga ƙwallo a tsakiyarshi, ga ranar mutuwa a rubuce.

Mi ke kawo bugun? Ƙwallon shina juyawa, kuma shina fitar da haske ta gefe biyu. Ku ɗauka wani shina tsaye cikin gona da dare, riƙe da cocila, shina juyawa. Kai da ke nesa, sai hasken ya bi ta kanka kake ganin shi. Kowane zagaye, walƙiya guda. Mi ya sa shike sauri haka? Ku ɗaure dutse ga igiya ku kaɗa shi, sannan ku gajarta igiyar: za ku ga ya ƙara gudu. Tauraron da ma shina juyawa sannu. Da ya matse, sai gudun ya ninka.

Yau an san irin waɗannan masu bugu fiye da 3.000. Mafi sauri cikinsu shina juyawa sau 716 cikin daƙiƙa guda.

A 1974 anka ba da babbar kyautar Nobel saboda wanga aiki. Malaminta, Antoni Hiwish, ya samu. Ita ba a sa sunanta ba, mutane da yawa sunka ce ba a kyauta ba. A 2018 anka ba ta wata kyauta ta dalar Amurka miliyan 3. Ta ba da kuɗin duka don a biya ma ɗalibai karatu, musamman mata da marasa gata.

MI YA HAƊA MU DA WANGA LABARI?

Wani za shi ce: ina ruwan manomi da abin da ya faru nesa haka? Ruwanshi shina nan cikin hannunshi.

Farkon halitta babu ƙarfe cikin sammai, babu sinadarin ƙashi, babu iskar da muke shaƙa. Cikin taurari anka ƙera su, da ikon Allah. Da taurari ba su fashewa, da waɗannan abubuwa sun zamna a kulle cikinsu. Fashewar ce ta watsa su, kamar yadda ake watsa taki ga gona. Daga wagga ƙura ce ranarmu da duniyarmu sunka haɗu, shekara miliyar 4 da rabi da sunka wuce.

Ke nan ƙarfen hauya da na gatari, wanda maƙeri ke bugawa, daga fashewar taurari ya fito. Haka ƙarfen da ke cikin jininmu, wanda ke sa shi ja. Mace mai ciki da anka ba ƙwayar ƙarin jini a likita, ƙarfe ne ke cikin ƙwayar. Haka sinadarin da ke cikin nono mai gina ƙashin yaro da na maraƙi.

Akwai abubuwan da sunka fi ƙarfe nauyi, kamar zinariya da uraniyom. Su sai da wata maƙera ta daban. Ran 17 ga watan takwas na 2017, na'urori a Amurka da Italiya sunka ji girgizar wani karo. Taurarin nutiron biyu ne sunka yi ta kewaya juna har sunka haɗe. Haskensu ya yi tafiyar shekara wajen miliyan 130. Da masana sunka bincika hasken, sunka ga alamar ana ƙera ma'adinai masu nauyi cikin tarkacen. Irin wanga karo na cikin hanyoyin da zinariya da uraniyom ke samuwa. Don haka uraniyom ɗin da anka fara haƙowa a Arlit a 1971, da zinariyar Jado, sun girmi ƙasar da ke rufe da su.

AKWAI ABIN TSORO?

Babu. Ranarmu ba ta da nauyin da za ta fashe. Tana da sauran shekara wajen miliyar 5, sannan ta kumbura, ta dushe sannu sannu.

Fashewar tauraro tana iya cuta ma duniya in ta faru kusa ƙwarai. Amma babu tauraron da ke shirin fashewa kusa haka. Wanda ake yawan zance shi ne wani babban ja da ake kira Betelgus, mai fitowa da dare lokacin ɗari. Ya tsufa. Ƙarshen 2019 ya dushe, mutane sunka zaci lokaci ya yi. Ashe ƙura ce ta rufe shi, ya koma yadda shike. Nisanshi ya fi tafiyar haske ta shekara 500. Ran da ya fashe za a gan shi da rana tsaka, amma ba za shi taɓa gona ko garke ba.

Ibn Buɗlan ya ɗora ma baƙon 1054 laifin annobar da ta kashe mutane a zamaninshi. Haka mutanen da ke tunani. Yau mun san hasken ya baro gida dubban shekaru kafin a haifi waɗanda annobar ta kashe. Sabon tauraro ba shi kawo ciwo, ko fari, ko mutuwar sarki. In wani ya zo ya ce ku kawo akuya ko kuɗi don shi kare ku daga tauraro, ku riƙe abinku.

INDA ZA KU DUBA

Cikin watan ɗaya na nasara, bayan sallar lisha, Kaza tana kusan tsakar ka. Malamai masu lissafin taurari suna kiran ta Surayya. Daga gare ta ku duba gabas da ɗan kudu, za ku ga wani jan tauraro mai haske, shi ne Dabaran. Daga Dabaran ku ƙara yin gabas da ɗan arewa, kamar tsawon da kunka yi. Akwai wani matsakaicin tauraro nan. Dab da shi baƙon ya fito. Ido ba shi ganin hayaƙin, sai da madubin hangen nesa. Amma wurin ke nan. Ku nuna ma yaranku.

Cikin garkenmu na taurari, masana sun ƙiyasta ana samun fashewa guda ko biyu kowace shekara ɗari. Yawancinsu ƙura ke ɓoye su. Rabon da a ga guda da ido cikin garkenmu tun 1604. A watan biyu na 1987 an ga wata da ido, amma cikin wani ƙaramin garke maƙwabcinmu. Wata tana nan tafe, kuma mai kwana waje shina iya riga kowa ganin ta.

Ma'aikacin da ya rubuta «baƙon tauraro» a 1054 bai san abin da ya gani ba. Ya dai rubuta rana da wuri da yawan kwanaki. Bayan shekara kusan 900 ƴan layukan nan sunka ba masana abin da madubinsu ba shi iya ba su. Ku da kunka shiga ajin yaƙi da jahilci, yanzu wanga aiki shina hannunku. Ku sami kaye guda a gari. Ku rubuta ranar ruwan farko, da ranar shibka, da ranar da fara ko tsuntsaye sunka sauka, da zurfin ruwan rijiya cikin bazara, da duk baƙon abu da kunka gani a sama. Ku sa kwanan wata da shekara. Jikokinku za su yi aiki da shi.

Wanda ya karanta wanga shafi shi karanta ma wanda bai iya ba tukuna. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi ƙara muna sani mai amfani. Amin.